Dafniyar sama da ta ƙasan tafki, ina na kuskure?

Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka min, abin nan ya tsaya min a rai. Ina aiki ne kan ƙuman ruwa, wato Dafniya, wasu ƙananan halittun ruwa, ina ɗiban samfur a tafki a zurfin mita 2, 8 da 15. Lokacin sanyi da ruwan ya gauraye ba wani bambanci, amma da zafi ya shigo ruwan ya rabu sama ɗumi ƙasa sanyi ga ƙarancin oksijin, sai na ƙasan suka fito manya kuma jajaye, DNA ɗinsu ma daban.

Jan dai na san himogulobin ne, sinadarin jini mai ɗaukar oksijin, wannan bai dame ni ba. Damuwata, kullum da rana nake ɗiba, kuma ai suna nutsewa da rana gudun kifi su hau sama da dare, to ya zan gane zuriya ce mai zaman ƙasa ko dai masu ɓuyan rana na kamo? Ga shi macensu na haihuwa ba tare da namiji ba, zuriya ɗaya tana iya cika kwalba ta ruɗe min lissafi.

In koma ɗiban dare ne? Kuma guda nawa zan gwada a kowane zurfi?