Alamomin ciwon suga a Jamaika: wanne za a sa a gaba?

Ƙanwar Zaure: Salamu alaikum yayyena. Ana haɗa takardar wayar da kai ga mutanen Jamaika kan ciwon suga. Me ya kamata a fara da shi?

Anti Nas: Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara da cewa rashin alama ba lafiya ba ne. Binciken lafiya na ƙasar na 2016 zuwa 2017 ya nuna kusan mutum 1 cikin 8 daga shekara 15 zuwa sama yana da ciwon, kuma kusan 4 cikin 10 na masu shi ba su sani ba. Sai ki jero: tashi fitsari da dare, ƙishirwa, rama alhali ana cin abinci, gani dishi-dishi, gyambon da ya ƙi warkewa, ƙaiƙayin gaba, ƙafa ta yi dundurus.

Malam Likita: A bayyana dalili, shi ke sa mutum ya yarda. Idan suga ya haura kamar 10 a jini (a ma'aunin mmol/L), ƙoda sai ta zubar da shi a fitsari, shi kuma ya janye ruwan jiki. Matsalar can, mai ƙishirwa lemon leda mai zaƙi yake saya a bakin titi, sai sugan ya ƙara hawa, ƙishirwar ta dawo. Ruwa zalla za a sha. Baƙin da ke kwanciya a bayan wuya kuma ba dauɗa ba ce, a daina dirzar yara da soso, a kai su awo.

Mai Awon Jini: Lambobin: ba a ci komai ba awa 8, in ya kai 7.0, a maimaita wata rana. Awo kowane lokaci 11.1 tare da alamu, ciwon ne. HbA1c kuwa, wato awon matsakaicin suga na wata 2 zuwa 3, kashi 6.5 cikin ɗari. Amma sikila na da yawa a Jamaika kamar wajenmu, kuma tana iya karkatar da HbA1c, don haka mai ita ya faɗa wa likita tun farko.

Malam Mai Kemis: Ni abin da ke damuna shayin cerasee ne, ɗan'uwan garahuninmu. Wasu na ajiye metformin, ƙwayar maganin suga, su koma masa, wasu su haɗa shi da insulin suga ya faɗi. Rawar jiki, gumi da ruɗewa, awo ƙasa da 4: cokali 1 babba na sukari a ruwa, a sake awo bayan minti 15. Wanda ya suma kada a ɗura masa komai, asibiti kai tsaye.

Anti Nas: Ki sa inda za su je. Ƙungiyar masu ciwon suga ta Jamaika da ke Kingston tana awo, haka cibiyoyin lafiya na gwamnati. Katin NHF, wato asusun lafiya na ƙasar, kuma yana rage kuɗin magani, likita ke cike fom ɗin.

Ƙanwar Zaure: Allah ya saka da alheri. Malam Likita, zan turo maka ka duba kafin a buga.