Wai me za mu kira kibiyar nan da ke nuna maka hanya a gem?

Jama'a masu Hausa a baki ku zo ku raba mu, wata kalma ce ta maƙale mana ni da ƙanena tun shekaranjiya.

Ƙanen nawa karatun kwamfuta yake a Dutse, ya dawo hutu da wani ɗan gem da yake haɗawa shi kaɗai a laftof da manhajar haɗa gem ta RPG Maker, irin gem ɗin nan da kake zama wani mutum a cikin labari kana yawo kana magana da mutane suna aikenka. Babu kamfani babu kowa, shi ne mai zane shi ne mai labari, kuma ya rantse komai da Hausa zai rubuta har wajen saiti.

Ranar Juma'a ya kai shi shagon cajin waya na bakin kasuwarmu inda sola take, ya ce yara su gwada, ni ina kan benci ina kallo. Labarin wata tsohuwa ce ta aiki jikanta ya nemo mata akuyarta da ta ɓata. Yaron farko ya karanta maganar tsohuwa, ya fito ƙofar gida, ya yi gabas ya dawo, ya faɗa gidan mutane, ya zaga rijiya sau uku, can ya ɗago kai ya ce "Yaya wai ina mishan ɗin yake?" Na biyu yana cikin yi aka kira la'asar, da ya dawo ya manta me aka ce masa, ya koma wajen tsohuwa ita kuma ba abin da take cewa sai Allah ya yi maka albarka, ya danna ya danna albarka dai albarka dai har ya yi tsaki ya miƙe. Na uku ko zama bai yi ba ya ce a sa ɗigo a maf, wato taswira, kawai irin na gem ɗin GTA.

To ɗigon nan ko kibiyar da ke tsaye a saman allo tana juyawa duk inda ka juya, ita Turawa ke ce wa quest marker. Ƙanena ya rubuta "alama". Na ce a'a. Alama ai komai alama ce, hadari alamar ruwa ne, tsagen fuska alama ce, in yaro ya ga "kunna alama" me zai gane?

Kafin mu je ga kalma bari in faɗi abin da ya sa na nace, don rigimar nan ta girme mu. Akwai wani gem Morrowind da ya fito a 2002, shi babu kibiya ko ɗaya, mutum zai ce maka ka bi hanyar kaza ka tsallaka gada ka tambayi wane a gidan kaza, a rubuta maka a littafinka shikenan. Kamfanin da ya yi shi, Bethesda, da suka fitar da Oblivion a 2006 sai suka sa kibiya a kamfas, Skyrim na 2011 ma haka, har yau masu buga gem na musu a kai, wasu sun ce an hutar da su wasu sun ce yanzu ba ka kallon duniyar gem ɗin sam, kibiya kawai kake bi kamar tunkiya. A Hollow Knight kuwa, wanda wasu 'yan tsiraru a Ostareliya suka fitar a 2017, taswirar ma saya kake yi, kuma sai ka ƙara sayen kamfas kafin ka ga inda kake tsaye a kanta.

Abin da na lura da shi, duk wannan musun nasu mu a Hausa mun daɗe da raba shi gida biyu. Akwai jagora akwai kwatance.

Ɗan jagora shi ne yaron da ke riƙe da sanda a gaba, kai naka bi, ba sai ka san ina aka ratsa ba. Kwatance kuwa faɗa maka ake yi ka tafi da ƙafarka. In baƙo ya sauka a mota ya tambayi gidan Baffana ba wanda zai zana masa taswira, ce masa za a yi ka miƙe burtalin nan ka yi arewa, in ka kai kukar nan mai kogo ka karya gabas, za ka ji ƙarar injin niƙa, gida na biyu mai darbejiya a ƙofa. Kuma zai je, gobe ma zai je ba tare da ya tambayi kowa ba don garin ya zauna masa a ka. Wanda aka ja a sanda kuwa gobe sai an sake jan sa.

Shi ya sa na ce wa ƙanena yaran nan biyu na farko ba kibiya suka rasa ba, tsohuwarsa ce ba ta iya kwatance ba. Wace tsohuwa ce a ƙauye za ta ce je ka nemo akuya ta yi shiru? Ai sai ta gaya maka launinta da inda ta saba zuwa ɓarna da gonar wanda ta taɓa shiga aka yi rigima.

Don haka ga abin da na kawo, kibiya a kira ta ɗan jagora, bayanin da mutanen cikin gem ke yi a kira shi kwatance. Ku gyara min.

Ƙari, na karanta amsoshinku, wasu sun sa ni dariya wallahi.

Wanda ya ce ɗan jagora zagi ne, kamar an ce wa mai wasa makaho, na ji ka kuma ban raina maganar ba. Amma jagora ai ba ta makafi kaɗai ba ce, jagoran tafiya muke cewa kullum. Wani malami ya kawo "jagaba", ya ce a ayarin fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro madugu shi ne uban tafiya, jagaba kuma shi ke gaba yana duba hanya. Malam wannan ita ce daidai tsaf, sai dai siyasa ta riga ta cinye kalmar, in muka rubuta "kashe jagaba" a wajen saiti sai dai ku zo beli.

"Manuniya" da wata baiwar Allah ta kawo ta fi tawa, na sallama. Gajeriya ce, daga nuni take, yatsan da muke nuni da shi ma sunansa kenan, kuma ba ta taɓa mutuncin kowa. Masu cewa a bar shi "maka" kawai a Hausance, haba, maka fa? Na ba maka, na maka maka?

Ɗigon da ke zaune a taswira ba ya motsi wani ya ce tuta, shi ma na karɓa don dama kafa ta ake yi. Sai ɗan taimakon da gem ke ba ka in ka daɗe kana bulayi, abin da suke ce wa hint. An kawo "hannunka mai sanda", daɗi kam akwai amma ba za ta shiga maɓalli ba, an kawo "satar amsa" na ce a'a ba jarrabawa muke ba. "Haske" muka ɗauka, don ko a hira cewa muke ɗan ba ni haske.

Inda har yanzu ba mu daidaita ba shi ne quest kanta, wato aikin da ake ba ka ka yi a cikin gem. Ni "aike" nake so tunda aikenka ake yi, littafin da ke tuna maka kuma ya zama littafin aike, irin wanda gem ɗin Stardew Valley ke da shi da za ka buɗe ka ga me aka ce ka kawo da wa ya aike ka. Ƙanena ya ce yara mishan suka sani. Na ce su ma ai ba da shi aka haife su ba.

Jiya da daddare ya zauna ya gyara. Manuniya tana nan amma a kashe take sai wanda ya so ya kunna, tsohuwa kuma in ka koma tana maimaita maka, yanzu cewa take akuyar ja ce mai farin goshi, ka bi bayan masallaci ka yi kudu wajen tuƙa-tuƙa ka tambayi masu ɗiban ruwa. Yau da hantsi yaron farko ya sake karɓa, ina ji yana ta maimaitawa a bakinsa bayan masallaci kudu tuƙa-tuƙa, bai fi minti biyar ba ya samo ta tana cin harawar wani. Na ukun nan kuwa yana zama ya wuce saiti ya kunna manuniyarsa, ko kallon tsohuwar bai yi ba.

Saura aike da mishan, ina jiran ku, don ranar Lahadi zai koma makaranta.