Bayan baftisma sai me? Ina neman shawara kan sababbin tuba

Dattijon Ƙauye:

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni dattijo ne a wata ƙaramar ikilisiyar ECWA a kudancin Katsina, can wajen Malumfashi. Fastonmu majami'u uku yake riƙe da su, sai mu yi mako biyu ba mu sa shi a ido ba. Idan ba ya nan, nauyin a kanmu yake, mu dattawa biyu.

A Istar bana mutum goma sha ɗaya aka yi wa baftisma, yawancinsu daga gidajen da har yanzu iyaye ke bin al'adar gargajiya. Lokacin ajin baftisma ba sai an kira kowa ba, kowace Laraba da yamma suna nan kan benci, domin sun san fasto zai yi musu tambayoyi. Tun da aka fito daga ruwa aka rufe ajin. Yanzu sai dai su zo sujada ran Lahadi, su yi waƙa, su ba da baiko, kowa ya kama gabansa.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, kwanan baya ɗaya daga cikinsu, magidanci ne, ya buga mini ƙofa da daddare. Yaronsa na fama da zazzaɓi, mahaifin magidancin kuma ya ce a kawo jan zakara a yanka a gindin tsamiya kamar yadda aka saba. Tambayarsa ita ce, in dai ba shi ya riƙe wuƙar ba, akwai laifi? Muka yi magana, muka yi addu'a, da safe aka kai yaron asibiti. Amma da na ce shi ya fara addu'ar, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ban san abin da ake faɗi ba." Mutumin nan ya haddace Dokoki Goma tsaf, amma bai san yadda zai roƙi Allah a kan ɗansa ba.

Uku ne kawai cikinsu ke iya karatu. Ga damina ta kama, kowa na gona har faɗuwar rana. Bayan kaka kuma samarin za su tafi cin rani Kano ko Abuja. Ku da kuka riga mu ganin irin wannan, yaya kuka yi?

Uwar Zumunta:

Sannu da aiki Baba. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ku maza kun cika son aji da allo. Mu a Zumuntar Mata, wadda ta tuba ba a barinta ita kaɗai. Ana haɗa ta da babbar mace ɗaya da ke kusa da gidanta, su je rijiya tare, su yi sussuka tare. A nan ake koyon ayar mako, da baki, sau da yawa ma cikin waƙa. Akwai tsofaffi a wurinmu da ko baƙi ɗaya ba su sani ba, amma ka tayar da Zabura 23 ka ji yadda za su kai ta ƙarshe. Abin da Bulus ya gaya wa Titus ke nan a sura ta 2, manyan mata su koya wa ƙanana. Mata nawa ne cikin sha ɗayan? Ka miƙa su ga shugabar zumuntarku tun wannan makon, ka ji da mazan.

Tsohon Mai Bishara:

Ɗana, Allah ya ƙara maka ƙarfi. Ni ɗan Sabon Rai ne tun ina saurayi, kuma abin da ya riƙe mu shi zan gaya maka.

Sabon Rai Don Kowa, wato shirin yaɗa bishara, ya tashi daga Jos a farkon shekarun 1960, wani Bature na ƙungiyar mishan ta SIM, Gerald Swank, yana cikin waɗanda suka kafa shi. Mutane yanzu ganguna da waƙoƙin kawai suke tunawa, amma ƙashin bayan aikin ƙananan taron addu'a ne a gidaje, mutum biyar ko shida, da kuma fita bibbiyu. Ba a jiran fasto. Wanda ya tuba bara shi ake haɗawa da na bana.

Saboda haka kada ka sake buɗe aji a majami'a da damina, ba za su zo ba, kai kuma ranka zai ɓaci. Ka raba su gida-gida. Bayan tuwon dare a shimfiɗa tabarma a zaure, a kunna fitilar sola, minti talatin ya isa. Ka ɗauki Bisharar Markus, ita ce gajera kuma labari ne ke bin labari. A karanta ɗan guntu sau biyu, a rufe littafin, wani ya maimaita da bakinsa, sauran su gyara masa inda ya tsallake. Sannan a tambaya: me wannan ya nuna mana game da Yesu, me kuma za mu yi da shi kafin mu sake haɗuwa? A ƙarshe kowa ya yi addu'a, ko jimla ɗaya ce. Kai ka yi ta ƙarshe, kuma ka gajarta. Dogayen addu'o'inmu na dattawa, masu cike da manyan kalmomi, su ne ke rufe wa sabon tuba baki, yana ganin tasa ba ta kai ba.

Shi kuma magidancin nan, idan ka tashi gaida marar lafiya, ka biya ka ɗauke shi. Ya ga yadda ake shiga, yadda ake zama, abin da ake faɗa. Karo na gaba ka ce shi ya yi. Ka duba 2 Timoti 2:2, tsara huɗu ne a aya guda: Bulus, Timoti, amintattun mutane, da waɗanda su kuma za su koya wa. In komai ya tsaya a bakinka, ranar da ka kwanta ciwo aikin ya kwanta.

Ɗan Maraɗi:

Gaisuwa daga Nijar, Baba. Game da rashin karatu da 'yan cin rani: akwai Sabon Alkawari na Hausa da aka ɗauka da murya, ana sa shi a memori, ko ƙaramar waya mai maɓalli tana kunna shi. Mu nan samari suna ji a gona da kan hanya. Sai dai a tsayar da sura ɗaya da kowa zai ji a mako, a kuma tattauna, in ba haka ba sai ya zama kamar rediyo, yana yi ana hira.

Malamar Firamare:

Ban ƙi ta Ɗan Maraɗi ba, amma ina tsoron kada waya ta sa mu yi watsi da karatu. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Miller na Zariya ya sha wahala a kansa tare da abokan aikinsa, aka kuma sake fassarar a 1979, wadda yawancinmu ke riƙe da ita. Iyayenmu a wurare da yawa sai sun koyi karatu kafin a yi musu baftisma, shi ya sa ba a iya juya su da kowace sabuwar koyarwa. Hausar boko ba ta da wuya, yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Da rani, ukun nan masu karatu su zauna da sauran. Kai ma Baba, ka tambayi fasto ko akwai ajin TEE a gundumarku, wato karatun tauhidi da mutum ke yi daga gida ba tare da ya bar gonarsa ba. Mai ba wasu ruwa shi ma yana jin ƙishi.

Dattijon Ƙauye:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Mama, mata shida ne, na riga na yi wa shugabar zumunta magana kuma ta karɓa. Baba mai bishara, maganar doguwar addu'a ta shige ni, ɗan'uwana dattijo ma ya yi dariya da na karanta masa. Za mu fara da Markus ran Alhamis a zaurena. Saura matsala ɗaya: biyu daga cikin mazan a gidan iyayensu suke, kuma iyayen ba za su yarda a yi taron addu'a a zaurensu ba, fitar dare ma sai an yi ta tambayarsu ina za su. In akwai wanda ya taɓa shawo kan irin wannan ba tare da an ɓata da iyaye ba, ina saurare.