Neman taimako kan matsayin faifan Glenn Miller kafin Yulin 1940

Assalamu alaikum. Ina shirya rubutu kan kiɗan swing na Amurka, wato wani salon jazz na manyan ƙungiyoyin makaɗa, kuma na cije a wuri guda. Glenn Miller, jagoran wata ƙungiyar makaɗa, ya naɗi kiɗan "In the Mood" ranar 1 ga Agusta 1939 a kamfanin Bluebird, kuma sau da yawa nakan ga an rubuta cewa faifan ya kai matsayi na ɗaya. To amma mujallar Billboard ba ta fara buga jadawalin cinikin faya-fayai na ƙasa baki ɗaya ba sai 27 ga Yuli 1940, inda faifan Tommy Dorsey da muryar Frank Sinatra ya zama na farko.

Da wane ma'auni aka ba faifan Miller wannan matsayi? Shirin rediyo na Your Hit Parade, wanda ya fara a 1935, waƙar kanta yake jerawa, ba faifan wani makaɗi ba, don haka ban ga yadda zai zama hujja ba. Ko kuwa yawan kunna shi a injinan kiɗa masu karɓar kwabo aka lissafa? Don Allah masana su haska mini, domin ba na son rubuta abin da ba zan iya karewa ba.