Wace kalma ta dace da farar giyar haɗi ta Tsibiran Kanari?

Mai tambaya: Malamai, akwai giyar Tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya da ake kira "white blend" da Turanci. Wasu suna fassara shi da "farin ruwan inabi mai gauraye". Ya yi kuwa?

Malamar Hausa: Bai yi ba, Malam. Fassarar Baibul ta saba kiran giya "ruwan inabi", amma mai shiga kanti idan ya ji haka lemon kwalba zai zata. Wannan kuwa barasar cikinta takan kai kashi 12 zuwa 13 cikin ɗari. Dole mai karatu ya san abu ne mai sa maye, musamman wanda addininsa ya hana shi. A ce "giyar inabi".

Malamin kimiyyar abinci: Na yarda, Malama. "Fara" ma a bar ta, duk da launinta ya fi kusa da na kara busasshe. Farin ya samo asali ne daga aikin: ana matse inabin a raba ruwan da ɓawo kafin ya tsima, sannan a tsima shi a tankin ƙarfe da sanyin digiri 12 zuwa 18 na ma'aunin Celsius. In zafi ya wuce haka ƙamshin ya gudu. In aka bar ɓawon a ciki, launi ya yi duhu, bauri ya shigo.

Inda aikin yake shi ne haɗin. A Tenerife, ɗaya daga cikin tsibiran, nau'in inabi mai suna Listán Blanco ne ya fi yawa, amma tsaminsa kaɗan ne, ƙamshinsa ba ƙarfi. Sai a ƙara Vijariego saboda tsami, Gual saboda kauri, Malvasía ko Marmajuelo saboda ƙamshi. Ana fara gwadawa a ƙananan kofunan awo kafin a taɓa tanki, don abin da aka haɗa ba ya rabuwa.

Edita: To "surki" fa?

Malamar Hausa: A'a, ranka ya daɗe. Surki ruwa ake zubawa a rage ƙarfi, kamar na nono. "Algus" zargi ne na ha'inci. "Cakuɗa" kuma ba ta nuna awo. "Haɗi" ce ke ɗauke da niyya da ƙima, shi ya sa muke cewa haɗin magani, haɗin turare. Ni dai "farar giyar inabi ta haɗi".

Malamin kimiyyar abinci: Sai a raba ta biyu. Wadda aka tsinke nau'o'in tare daga tsohuwar gona aka tsima su a haɗe, "haɗin gona". Wadda kowane nau'i ya tsima daban aka haɗa daga baya, "haɗin tanki".

Mai tambaya: Kishiyarta fa, "zalla"? Ina nufin irin ta tsibirin Lanzarote, inda ake shuka inabin Malvasía Volcánica a ramuka cikin tokar dutsen da ya yi aman wuta daga 1730 zuwa 1736.

Malamin kimiyyar abinci: Yi hattara da "zalla". Dokar Tarayyar Turai ta yarda a sa sunan nau'i guda a kwalba in ya kai kashi 85, sauran 15 na iya zama wani nau'in. A rubuta "mai sunan nau'i guda".

Edita: Mun ɗauka. A kanun labari "farar giyar haɗi" ta isa, cikakken sunan ya zo a jimlar farko.