Musayar waƙa: tukunyar Inna ta Mabera wadda ba nama ciki

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum 'yan uwa. Yau baitocina kan gidan abincin wata Inna ne nan Mabera cikin Sakkwato, ba zan kama suna ba, wanda ya sani ya sani. Tukunya guda ta ware ba nama ba romo don masu lalura da waɗanda ba su so, kuma wallahi ita ka fara ƙarewa. Mai amsa bismillah.

Na zo da yabo gun Inna mai tuwon gero,
Miyar sure ta sha gujiya, gefe ga ta guro,
Daddawar kalwa ita ka yi, ba ta zuwa aro,
Ba tsoka ba ƙashi, amma kullum sai taro.

'Yar Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam Yaya, ka yi ƙoƙari amma ya za ka yi zancen Inna ka tsallake datu?

Datun zogale shi ne sarki cikin girkinta,
Ƙuli-ƙuli take dakawa lilis da hannunta,
Albasar Goronyo, tumatir, da ɗan yajinta,
Da sassafe tana kasuwar Ramin Kura zaɓen ganyenta,
Wanda ya kwana ya yi yaushi bai shiga kwanonta.

Kawu na Gawon Nama:
Ku dakata yara, nan ne garin jar akuya,
Kara cike da gudali, ga balangu ga suya,
Baƙo ya zo ka ba shi ganye, ba ka jin kunya?
Miyar da ba romo ruwa ce, ku faɗi gaskiya.

Ba raini nike ba, haka munka tashi munka iske iyayenmu, baƙo ko kaza ce sai an yanka mai.

Ɗan Mabera:
Allah shi ja da rai Kawu, maganarka na bisa hanya, amma ji tawa.

Kawu ban ce haram ba, Allah ne ya halatta,
Layya muna yi, sunna ce ba mu manta,
Likita ne ya ce ma Baba da jan nama a huta,
Duk inda munka je, miyar da romo anka haɗa ta,
Ka ce a tsame tsoka, kitsen na nan cikinta,
Inna kaɗai ta raba tukunya har da ludayinta.

Hawan jini gare shi Kawu, tsoho ya kai ga baya son cin abinci waje don kada a riƙa kallonai shina tambaye tambaye kamar mai tsirfa, ranar da na kai shi gun Inna ta ce Baba zauna nan kan benci, ta zubo mai fate da rama, gishiri kaɗan, ba ta saka dunƙule ba sai daddawa, ya cinye ya miƙa kwano a ƙara. Ni abin da ya sa nike yabon ta ke nan.

Ɗalibar Danfodiyo:
Allah shi ba Baba lafiya. Bari in saka baki da ɗan abin da munka karanta.

Wake da gero in sun gamu, jiki bai rasa gini ba,
Awara, ɗanwake, alala, ba su bar ka da yunwa ba,
Amma bitamin B12 ganye bai da shi, ban ɓoye muku ba,
In ba nama, sai nono ko ƙwai, kada ku ce ban faɗa ba.

Don haka Yaya a riƙa haɗa ma Baba da fura da nono, amma a rage sukari.

Kawu na Gawon Nama:
Na ji ɗiyata, na ji uzurin Baba,
Mai ciwo a ba shi nashi, wannan ba gardama ba,
Baƙona dai da nama, ban sauya ba,
Amma datun ga sai na ci, ban ƙi tayi ba.

Juma'a in an sauko masallacin Sarkin Musulmi Bello zan biyo, Ɗan Mabera ka tsaya min bakin titi.

'Yar Runjin Sambo:
To Kawu ka yi sauri hwa kada ka tsaya gaishe gaishe,
Kafin la'asar datun Inna ya kai ƙarshe.

Yaya ka ce ta aje mai kwano guda, da ɗanwake gefe.