Neman Shawara: Babur Ɗina Na Ƙanƙara Yana Ɗaukar Zafi A Kan Tafkin Nipissing

Baban Hanif, North Bay:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ya sanyi? Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu daɗewa a Kanada, musamman masu hannu a gyaran inji.

A watan Nuwamba na sayi babur ɗin ƙanƙara na hannu, mai takalma biyu a gaba da bel ɗin roba mai haƙora a baya. Injinsa cc 600 ne, silinda biyu, irin wanda yake ƙona baƙin mai tare da fetur, kuma ruwa ne yake sanyaya shi. Ni da maƙwabcina muna da 'yar bukkar kamun kifi a kan tafkin Nipissing, ta ɓangaren Callander, tafiyar ƙafa da kaya ta yi mana nisa, ga shi ina son in riƙa zuwa da yara ranar Asabar.

Lokacin da dusar ƙanƙara take da yawa ban taɓa ganin matsala ba, zafin injin yana tsayawa tsakanin digiri 45 da 50. To makon jiya an yi ruwan sama kwana biyu, sanyi ya dawo da ƙarfinsa, iska ta share ɗan abin da ya rage. Tafkin ya koma kamar madubi. Na ɗaura kwalekwalen roba a baya, da tukunyar gas da injin huda ƙanƙara a ciki, Hanif yana riƙe da ni, ina tafiya a hankali saboda santsi, ban wuce kilomita 15 a awa ba. Ba mu yi minti goma ba na ga lambar tana hawa, 60, 70, da ta kusa 80 jar wuta ta kama, injin ya rage ƙarfi da kansa. Ga wani warin roba mai ƙuna yana tasowa daga ƙasa. Na kashe, muka tsaya a tsakiyar tafki wajen minti ashirin, iska tana kaɗawa, yaron ya cusa hannayensa cikin rigata yana tambayata ko za mu kwana a nan ne. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Na duba ruwan, yana nan a kan layinsa. Shin injin ne ya samu matsala? Akwai lagireto da ake ƙara wa irin wannan babur? Ko in sayar in huta? Allah ya saka da alheri.

Ɗan Fagge, Brampton:

Wa alaikumus salam. Sannu Baban Hanif, Allah ya kiyaye gaba. Ni dai ban taɓa hawa irin wannan babur ba, amma a gida duk motar da ta shigo daga Kwatano abu na farko da bakanike yake yi shi ne ya cire tamostat, ruwa ya riƙa zagayawa kai tsaye. Me zai hana ka gwada? Kuma ka rage wannan koren ruwan ka ƙara ruwan famfo, na ji an ce ya fi kwashe zafi.

Injiniya, Sudbury:

Ɗan Fagge, don Allah ka yi haƙuri, amma waɗannan biyun duka kada ya kusance su. Abin da ya yi aiki a zafin Kano a nan kashe inji yake yi. In ka cire tamostat, ranar da ka shiga dusa mai laushi a sanyin 25 ƙasa da sifili injin ba zai taɓa yin ɗumi ba. Ka murɗa wuta, fistin ya yi zafi ya kumbura, silinda kuwa tana nan a sanyaye, sai ya cije a ciki. Shi ke nan, sai sauke inji. Ruwan famfo kuma daskarewa zai yi cikin dare ya fasa duk inda ya samu. Haɗin ruwa da koren maganin hana daskarewa, rabi da rabi, yana jure sanyi har wajen 37 ƙasa da sifili, shi ya sa ake amfani da shi. Maganin zalla ma ba shi da kyau, ya fi haɗin saurin daskarewa, kuma bai kai shi kwashe zafi ba.

Baban Hanif, ina kyautata zaton injinka lafiyarsa lau. Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin kujera, cikin wannan rumfar alminiyam da bel yake juyawa a ciki. Za ka ga wasu faifai masu tsaga-tsaga a manne a sama, wani a gaba kusa da injin, wani can baya. Su ne lagireton babur ɗinka. Ruwan zafi yana bi ta cikinsu, bel yana kwaso dusa yana watsa musu, dusar tana narkewa tana tafiya da zafin. Babu fanka, iska kaɗai kuma ba ta isar su. A kan tsurar ƙanƙara bel ɗin ba ya samun abin da zai watsa, kai kuma kana jan kaya, kana tafiya a hankali. Ka haɗa wa injin abu uku a lokaci guda.

Warin da ka ji kuwa ba daga injin yake ba. Akwai wasu dogayen robobi biyu masu santsi a ƙasan ƙarafan da bel yake zamewa a kansu, dusa ce man shafawarsu. In babu ita sai su yi zafi su fara narkewa, wani lokaci har su manne da bel in ka tsaya. Ka duba gefensu, akwai layin da yake nuna iyakar cinyewa.

Kafin ka kashe ko dala ɗaya, yi wannan gwajin. Ka tayar da shi a ƙofar gida ya yi ɗumi, ka cire safar hannu ka ɗan taɓa faifan baya, a hankali. In ya yi zafi, ruwa yana zagayawa, matsalarka rashin dusa ce kawai. In injin ya yi zafi shi kuma faifan yana nan da sanyi, to ruwa ba ya isa can: ko tamostat ya maƙale a rufe, ko iska ta shiga layin, ko famfon ruwan ya gaji. Iskar ita ta fi yawa a babur na hannu, don mai shi na farko yana iya canza ruwa bai fitar da ita ba. Ganin ruwa a kan layi ba ya nuna babu iska a ciki. Ana ɗaga gaban babur ɗin sama, a buɗe marfin tun injin yana da sanyi, a bar shi yana aiki har kumfar ta gama fita, a cike. Kada ka taɓa buɗe marfin nan injin yana da zafi.

Ɗan Fagge, Brampton:

Na karɓi gyara, Injiniya. Wallahi ban san babu fanka a jikinsa ba. Baban Hanif, ka bar maganata, ka bi tasa.

Maman Ilham, Winnipeg:

Ni ba ta injin nake ba, ta yaron nake. Baban Hanif, ka ce an yi ruwan sama kwana biyu sannan ka hau tafki da kaya da ɗan ƙaramin yaro. Ka auna kaurin ƙanƙarar kuwa? Ƙungiyar Red Cross ta Kanada tana cewa santimita 15 don mutum ɗaya a ƙafa, 20 don taron mutane, 25 don babur irin naka. Kuma wadda ta narke ta sake daskarewa, mai launin fari ko toka-toka, ba ta kai mai shuɗi-shuɗin nan ƙarfi ba. Tunda kana da injin huda, ka riƙa hudawa kana aunawa a hanya, kada ka dogara da sawun wasu. Sannan har sai ka tabbatar babur ɗin ya daina tsayawa, ka bar Hanif wajen mamansa. Minti ashirin cikin iskar tafki ba ƙaramin abu ba ne ga yatsun yaro. Ka yi haƙuri in na yi zafi, uwa ce ni.

Baban Hanif, North Bay:

Babu komai Hajiya, gaskiya kika faɗa. Mun auna a wajen bukkar ya haura 40, amma a hanya ban auna ba. Na ɗauka, ba zai sake bina ba sai an gyara.

Alhaji Na Timmins:

Ƙanena, kada ka sayar. Shekarata goma sha ɗaya ina hawa, kuma abin da ya same ka ya samu kusan kowa a hunturun 2023 zuwa 2024, wanda hukumar yanayi ta ce Kanada ba ta taɓa ganin mai ɗuminsa ba tun da aka fara rubutawa. Hanyoyin OFSC, ƙungiyar masu baburan ƙanƙara ta Ontario, da yawa a kudancin Ontario ko buɗewa ba su yi ba, mu nan arewa muna hawa a kan abin da ya daskare kamar siminti. A shekarar na san darajar makartar ƙanƙara.

Wasu 'yan ƙarafa ne guda biyu da ake ɗaurawa a gefen ƙarfen da bel yake bi, ɗaya dama ɗaya hagu. Bakinsu yana da tauri sosai, in ka sauke su suna jan ƙasa suna kartar ƙanƙara, garin yana tashi fari fat yana shiga cikin bel. Da jifa ɗaya ka samu biyu: faifan sun samu abin sha, robobin ƙasa sun samu abin zamiya. Iri biyu ne. Akwai na sifirin, sun fi danna ƙasa, sun fi tayar da gari a kan tsurar ƙanƙara irin ta Nipissing, amma in ka manta ka sa ribas suna ƙasa, lanƙwashewa za su yi ko su karye. Na karya biyu a shekarar farko. Akwai na igiyar ƙarfe, waɗannan ba ruwansu da ribas, sai dai ba su kai na sifirin cizo ba in ƙanƙarar ta yi tauri. Don tafki ni na sifirin zan ce ka saya. Ka ɗaura su can gaba-gaba yadda garin zai samu shiga bel ɗin, in ka kai su baya sosai a banza yake zubewa.

Sai ka duba fallen robar nan na baya, mai kama da madgad. Samari suna yanke shi don ado, alhali shi yake tare dusar yana mayar da ita ciki. In naka gajere ne ko ya yage, ka sa cikakke.

Tafiyar hawainiya kuma ka rage ta. Makartar ba ta tayar da komai a kilomita 15. Wajen 30 zuwa 40, in hanya ta miƙe kuma kana ganin gabanka, za ka ga lambar tana sauka. Duk inda ka hango ɗan tudun dusa da iska ta tara, ka ratsa ta ciki. In kuma wutar ta kama, ka tsaya ka kwashi dusa ka tara a kan rumfar bayan kujera da matakan ƙafa, ka watsa wata a cikin bel. Ni da ƙaramin shebur nake yawo saboda haka. Kada kuma ka bar shi yana aiki a tsaye kana ɗaura kaya, a nan ma zafi yake tarawa.

Za a ce maka ka sa wa bel ƙusoshi. Suna taimakawa wajen birki a kan santsi, suna ɗan tayar da gari ma. Amma in ba a sa kariya a saman rumfar ba, ƙusa ɗaya ta isa ta huda faifan, ruwanka ya tsiyaye a tsakiyar tafki. Wannan aikin na masu shago ne.

Ɗan Maraɗi, Rouyn-Noranda:

Salamu alaikum. Ni a Kebek nake, inda aka haifi abin, don a garin Valcourt ne Bombardier ya fara fitar da Ski-Doo a 1959. Maganar Alhaji duk haka take, amma ina so in amsa tambayar lagireto, tunda ba wanda ya taɓa ta. Ana ƙarawa, na ga waɗanda suka yi, da 'yar fanka ta lantarki. Sai dai wuri a ƙarƙashin bonet ɗin ƙunci ne, sai an yanka tiyo an ƙara wani, kowane haɗi kuma wurin yoyo ne, sannan sai an tabbatar wutar babur ɗin za ta ɗauki fankar. Kuɗin yana iya kai wani kaso mai tsoka na abin da ka sayi babur ɗin.

Masu aikin daji a nan, masu jan itace da masu tarko, ba irin naka suke hawa ba. Ko dai su sayi na aiki wanda ya zo da lagireto da fanka tun daga kamfani, ko mai injin 550 da fanka take hura wa iska, wanda babu ruwa a cikinsa sam. Bai kai naka gudu ba, amma bai damu da ko akwai dusa ko babu ba. In har aikinka kullum jan kaya ne zuwa bukka, wata rana ka yi tunanin musanya. Ko shi ma robobin ƙasansa suna son dusa, makarta ba ta da makawa.

Baban Hanif, North Bay:

Jama'a na dawo da bayani, Allah ya saka wa kowa. Na yi gwajin Injiniya ranar Talata. Faifan baya ya yi ɗumi amma a makare, sai na ɗora gaban babur ɗin a kan tudun dusar da motar shara ta tara a bakin gida, na buɗe marfi, kumfa ta yi ta fitowa, ruwan ya sauka har na ƙara kusan kofi ɗaya. Robobin ƙasa kuwa na hagu ya cinye har ya wuce layi, na canza duka biyun. Fallen baya ashe an yanke shi, ban lura ba sai da Alhaji ya faɗa, na yi odar sabo bai iso ba tukuna. Makarta ta sifirin na saya, ni da maƙwabcina muka huda muka ɗaura a garejinsa.

Jiya na fita ni kaɗai, da kayan nan dai, ina tsayawa ina auna ƙanƙara kamar yadda Hajiya ta ce, mafi siranta da na samu 33. Na waiga na ga farin gari yana tashi ta gefe biyu. Lambar ta kai 58 ta tsaya, da na ratsa wata 'yar dusa ta sauko 51. Babu wari. Maganar musanya kuma, Malam na Maraɗi, zan bari sai ƙarshen hunturu in ga yadda farashi zai yi.

Injiniya, Sudbury:

Madalla. Kofi ɗaya na iska ba kaɗan ba ne, ka sake duba ruwan da safe kafin ka tayar, har fita uku, wani lokaci saura yana ɓuya a faifan baya. In ka ga yana ci gaba da raguwa, ko ka ji wani wari mai zaƙi-zaƙi a hayaƙin, ka sanar da mu, wannan maganar robar kan silinda ce. Kuma ka ɗaura jan ƙyalle a hannun babur ɗin kusa da maɓallin ribas, ya riƙa tuna maka ka ɗaga makartar kafin ka ja baya.